In Birkin Feda Ya Daina Ci

[Kiɗan buɗe shiri]

 Yau zancen keke za mu yi, irin keken nan da ba shi da birkin hannu na baya, wanda sai mahayi ya mayar da feda baya sannan ya tsaya. Galibinmu a kan Raleigh da Phoenix muka tashi, masu birkin sanda da roba mai kama wili, waɗanda kowane mai faci a bakin titi ya san makamarsu. Amma tun da kekunan gwanjo suka fara shigowa daga Turai, musamman na Holand da Jamus inda birkin feda ya zama ruwan dare, ga kuma kekunan yara da ake ƙerawa da shi, sai ya zamana gidaje da dama akwai irin wannan keke. Da yawansu tsofaffi ne ƙwarai, wasu ma sun girmi masu hawansu.

Kukan da ake yi da su ɗaya ne. Mutum ya taka baya iya ƙarfinsa, keke kuwa sai silalewa yake yi. In aka kai wurin gyara, abin da aka fi yi shi ne a kwance wilin, a cire hob ɗin, wato gangar tsakiyar wilin da birkin ke ciki, a ɗaura na gama-gari. To a nan gizo ke saƙar, domin yawancin waɗannan kekuna ba a yi musu wurin ɗaura birkin hannu na baya ba. An raba keke da birkinsa ke nan, an mayar wa yaro ya riƙa tsayawa da tafin silifas. Wannan ɗabi'a nake so mu bari. Hob mai birki a ciki yana cikin kayan keke mafi ƙarko da aka taɓa ƙerawa, kuma sanyin birkinsa, sau da yawa, abu ne da kananzir da giris da natsuwar awa guda za su magance.

Bari mu leƙa cikinsa tukuna, don wanda bai san yadda abu ke aiki ba lalube zai yi ta yi.

Sifaket ɗin baya, wato faifan haƙoran da sarƙa ke hawa, yana zaune ne a kan wani ƙarfe mai tiredi mai faɗi, wanda masu gyara ke kira direba. A kan tiredin akwai wani dunƙulen ƙarfe mai tsukakken baki, shi ne kuloci. In ka tuƙa gaba, tiredin ya jawo kuloci zuwa dama, ya cije gangar hob daga ciki, wili ya juya. In ka tsayar da ƙafa, ya saki, keke ya ci gaba da gangarawa. In ka mayar da feda baya, tiredin ya tura shi hagu, ya kutsa tsakanin wasu ɓarin ƙarfe da ake ce wa shu, ya buɗa su, su gogi gangar daga ciki. Wannan gugar ita ce birkin. Babu roba ko ɗaya a ciki, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe a cikin maiƙo. Sannan duk ƙarfin da ke neman murɗa kayan ciki su bi wili, wani ɗan dogon ƙarfe ne ke tare shi, wanda ke fitowa daga hagun hob a ɗaure shi a jikin firam. Mu kira shi hannun hob.

Daga wannan hannun za mu fara, kafin a taɓa noti ko ɗaya. Malam mai keke, durƙusa ka kama shi ka girgiza. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Sau tari za ka tarar maɗaurinsa na ƙarfe ya ɓace, an ɗaure shi da waya ko da robar tiyub, wani lokaci ma an bar shi yana lilo. Hannun da ke motsi yana shanye ƙarfin takun ƙafa kafin ya kai ga shu. Abin da ya fi haka muni, ranar da wayar ta tsinke a kan gangara, hannun zai bi wili ya juya, ya murɗa sandar tsakiya, birki ya tafi gaba ɗaya a daidai lokacin da ake matuƙar bukatarsa. A samo maɗauri na ƙarfe daidai kaurin firam ɗin, a sa masa kusa mai noti, a ɗaure tam. Duba kuma inda hannun ya zauna a jikin hob, don ramin kan cinye ya yi faɗi.

Sai sarƙa. Da ita birkin ke aiki, saboda haka in ta yi sako-sako, feda zai yi tafiya mai nisa baya kafin birki ya ji komai, kuma tana iya zamewa ta faɗi. In ka danna tsakiyarta, kada ta yi sama da ƙasa fiye da santimita guda ko ɗan abin da ya ɗara. Daga nan ka kama wilin ka jijjiga shi hagu da dama. In yana kaɗawa, kon, wato notin da ke matse boris a kan sandar tsakiya, ya saki, kuma sakin kon yana ƙara tazarar da kuloci zai yi kafin ya isa shu. Kekuna da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa, ba sai an buɗe ciki ba.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Jama'a, in an gyara waɗannan birki bai dawo ba, sai a shirya buɗewa. Amma kafin nan a goge hannun hob da tsumma a karanta abin da aka buga a jikinsa, don a nan kamfanoni ke sa sunansu. Wannan karatun yana da amfani, domin tsofaffin hob ba iri ɗaya ba ne a ciki, kuma man da ke gyara wani shi ke ɓata wani.

In ka ga Torpedo, na Jamus ne, na kamfanin Fichtel & Sachs na garin Schweinfurt, wanda ya fito da shi a 1903. Shi da 'yan uwansa su ne za ka fi cin karo da su a tsofaffin kekunan Turai. In ka ga New Departure, na Amurka ne, daga garin Bristol a jihar Connecticut, kamfanin da ya fara da ƙera ƙararrawa kafin ya shiga harkar birkin feda a ƙarshen shekarun 1890. Akwai Bendix da Morrow, su ma na Amurka, daga Elmira a jihar New York, waɗanda ake samu a tsofaffin kekunan Schwinn. Akwai Perry na Birmingham a Ingila. Na baya-bayan nan kuwa, Shimano na Japan ne da masu kwaikwayonsa, kuma su ne suka cika kekunan yara.

Wurin buɗewa, a shimfiɗa tsumma mai tsabta a ƙasa ko a kan faranti, kada a yi aikin a kan rairayi. A cire wili daga keke. A mafi yawan irin Shimano da Bendix, ta ɓangaren sifaket ake kwance noti da kon, a murɗo direba ya fito, sannan a zaro sandar tsakiya ta hagu tare da hannun hob da sauran kayan. Duk abin da ya fito, a jera shi bi da bi yadda ya fito, fuskar da ke kallon dama ta ci gaba da kallon dama. Mai waya ya ɗauki hoto a kowane mataki. Zoben boris musamman, a lura da wace fuska ke kallon ciki, domin in aka mayar da shi a juye, wili zai yi ta gurnani kuma kon ba zai taɓa saituwa ba.

Abin da za ka fara gani shi ne tsohon giris. Wanda ya shekara talatin ko arba'in a rufe, ya sha zafi, ya sha ƙurar hunturu, yakan bushe ya daskare kamar ƙanzon tukunya. Shi ne ke riƙe kuloci ya hana shi tafiya a kan tiredi, shi ne ke cike tsagogin shu. A jiƙa komai a kananzir ko man gas, a goge da tsohon buroshin haƙori har ƙarfe ya fito fes. Ina roƙonku kada a yi da fetur. Na san shi ne ya fi saurin samuwa kuma ya fi saurin wankewa, amma tururinsa na kama wuta daga nesa, kuma rumfar gyara ba ta rasa mai shan taba ko mai shayi a kusa.

In kaya sun bushe, a ɗauki shu a duba bayansu, wato fuskar da ke gugar ganga. Sabon shu yana da ƙananan tsagogi a jikinsa. Aikinsu su ba giris wurin gudu idan an matse, don ƙarfe ya samu ya taɓa ƙarfe. In tsagogin sun shafe, shu ya yi sumul yana sheƙi, sai ya riƙa sulɓi a kan maiƙo maimakon ya cije. In da sauran zurfi a tsagogin, a kankare dattin ciki da tsinin allura, a bi fuskar da samfefa mai laushi har sheƙin ya dushe. In sun shafe sarai, sai sabo, kuma a canza su gaba ɗaya, kada a haɗa sabo da tsoho. A tafi kasuwa da tsohon a hannu a gwada, domin shu na wani kamfani yakan yi kama da na wani a ido, amma bakinsa bai dace da kuloci ba.

Sannan a sa yatsa cikin gangar a shafa. Ita ma takan yi santsi. A naɗa samfefa a yatsa a bi ta a hankali, sheƙi kawai ake son kashewa, ba a son cin ƙarfe. A sake wankewa sosai bayan haka, don ƙwayar samfefa ɗaya da ta rage za ta ci gaba da aikinta a ciki. In kuwa yatsa ya ji rami mai zurfi zagaye da gangar, ko ido ya ga tsaga, to wannan hob ya gama aikinsa. A nan ne kaɗai zan ce a canza shi, kuma a canza shi da wani mai birkin feda, mai yawan ramukan sifoki daidai da na wilin.

Yanzu ga wani ɗan abu da ake yawan tsallakewa, alhali shi ne kan gaba wurin jawo wahala. A jikin kuloci ko a cikinsa akwai wani ɗan sifirin. Aikinsa ya ɗan riƙe kuloci kada ya bi direba su juya tare, domin sai an riƙe shi ne tiredi zai iya tura shi hagu ko dama. In sifirin ɗin ya gaji, alamarsa a fili take: ka mayar da feda baya ya yi rabin zagaye ko fiye kafin birki ya kama, wata rana ya kama wata rana ya ƙi, wani lokaci kuma ka taka gaba feda ya zame fayau kafin ya ja. Mai wannan matsala ko ya sa sabon shu bai yi komai ba. A gwada shi da hannu, a ji yana riƙo ko ya saki. In ya saki, a nemi wani, ko daga mataccen hob irinsa. Ana iya ɗan matsa shi da filaya ya ƙara riƙo, amma wannan dabara ce ta wucin gadi. A duba kuma ƙananan haƙoran da ke jikin kuloci, in sun dakushe ba zai ciji komai ba.

Abin da na faɗa ya shafi masu shu. Torpedo na asali ya ɗan bambanta. Shi direbansa ba ya aiki da tiredi, wasu 'yan gajerun sandunan ƙarfe ne guda biyar masu mirginawa ke hawa tudu su cije ganga. Birkinsa kuma zobe ne mai faɗi mai tsaga, wanda ake buɗawa daga ciki. Zoben nan yana son giris, amma sandunan biyar ba sa so. In aka cusa musu giris mai kauri sai su manne, feda ya riƙa zamewa. Ɗigon mai mara kauri ya ishe su.

New Departure kuwa, musamman samfurin Model D da ya yi tashe daga shekarun 1930, ba shi da shu sam. Abin da ke cikinsa jerin siraran faya-fayan ƙarfe ne, ɗaya na baƙin ƙarfe ɗaya na tagulla, a jere bi da bi. Rabinsu suna maƙale da sandar tsakiya ba sa juyawa, rabi kuma suna da 'yan kunnuwa da ke shiga tsagar ganga su juya tare da wili. In ka taka baya sai a matse su wuri guda. Waɗannan faya-fayai mai suke sha, shi ya sa aka yi wa gangar ɗan murfin ɗiga mai. In wani ya cika su da giris mai kauri, birki zai yi laushi, wili kuma ya yi nauyi. A ƙirga su yayin fitarwa, a wanke kowane ɗaya, a shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko wani abu mai shafaffen baya a ɗan goga kowace fuska, a shafa musu mai, a mayar da su bi da bi. In biyu iri ɗaya suka haɗu a jere, an yi asarar fuskar guga ke nan. In kuma sun siɗe har jerin ya rage kauri, sai an samo wasu.

[Kiɗa]

Mu dawo kan giris, don a nan ne ra'ayoyi suka fi rabuwa, kuma kuskuren da ake yi iri biyu ne. Wani zai ce, ai birki guga yake so, me zai sa a shafa masa maiƙo? Sai ya wanke ya mayar a bushe. Ranar farko birki zai ci kamar me, har da ƙara. Bayan 'yan kwanaki sai ya fara fizga, ya kulle wili ba zato, ƙarfe ya ci ƙarfe, ganga ta lalace. Wani kuma zai ɗauko baƙin giris ɗin nan da ake sa wa shaf na mota ya cika hob da shi. Wannan an yi shi ne musamman don ya hana guga ko da an matse shi da ƙarfi, ga shi kuwa mu gugar muke nema. Abin da ya dace da hob mai shu shi ne giris mai jure zafi, irin wanda ake sa wa boris ɗin ƙafar mota. A shafa wa shu da cikin ganga da boris sosai, a shafa wa tiredin direba kaɗan.

Dalilin da ya sa na nace a kan mai jure zafi, akwai labarin da ke nuna shi. A shekarar 1976, a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya, kusa da garin Fairfax, wasu matasa irin su Charlie Kelly da Joe Breeze da Gary Fisher suka fara tseren gangarowa daga tsauni a kan tsofaffin kekuna, da yawansu masu birkin feda, tseren da aka sani da Repack. Hanyar ba ta fi kilomita uku da ɗan wani abu ba, amma gangarenta ya kai kusan mita 400. Kafin mahayi ya iso ƙasa, hob ya yi zafin da giris ke ƙonewa yana hayaƙi, sai an buɗe an sake cika shi. Daga irin wannan wasa keken hawan dutse na zamani ya samo asali. Darasin da ke ciki gare mu shi ne, duk ƙarfin gudun da birki ya kashe zafi yake komawa, kuma a birkin feda zafin a cikin ƙaramar ganga yake taruwa. Mai zama a gari mai tudu da gangare, irin su Jos, ko mai ɗora buhu a kariya, ya riƙa taka birki yana saki maimakon ya danne shi tun daga sama har ƙasa. Kuma kada a taɓa hob da hannu bayan doguwar gangara, yana ƙuna.

Wurin mayarwa, giris ɗin da ka shafa zai riƙe maka shu a wurinsu har ka zura su. In komai ya shiga, sai saitin kon. A ɗaure shi har kaɗawa ta ɓace, amma wili ya riƙa juyawa ba tare da tauri ba, sannan a riƙe kon da sifana guda a ɗaure notin kulle da wata. Masu Torpedo su lura, nasu saitin daban ne: ƙarshen sandar tsakiya ta dama yana da kusurwa huɗu, ana sassauta notin hagu ne a murɗa sandar kanta. A mayar da wili, a ja sarƙa daidai, a ɗaure notocin wili, sannan a ɗaure hannun hob. Kada a manta da shi, don mantuwar ta fi faruwa a daidai wannan gaɓa, lokacin da mutum ke ɗokin gwadawa.

Gwaji kuwa a fili za a yi shi, inda babu mota. Birkin feda mai lafiya, in ka taka shi da ƙarfi a busasshiyar ƙasa, ya kamata ya iya tsayar da wilin baya har taya ta ja ƙasa, in ka taka a hankali kuma ya rage gudu a hankali. In an yi duk wannan amma mahayin yaro ne ko dattijo mai ƙarancin ƙarfin ƙafa, akwai wata dabara: a sa sifaket mai haƙora fiye da na da, misali a tashi daga 16 zuwa 18 ko 20. Babban sifaket yana ƙara wa taku ƙarfi a kan birki, yana kuma sauƙaƙa tuƙi, sai dai gudu zai ɗan ragu kuma wataƙila a ƙara wa sarƙa tsawo.

Magana ta ƙarshe ga iyaye nake yin ta, da masu sayar da keke. Ko birkin feda ya fi kowane lafiya, wilin baya kaɗai yake riƙewa, kuma in aka taka birki nauyin mahayi gaba yake komawa, baya ya yi sauƙi, taya ta fara jan ƙasa. Shi ya sa tsayawa da birkin baya kaɗai kan ci kusan ninki biyu na tazarar da birkin gaba mai kyau ke ci. Ga shi kuma in sarƙa ta faɗi ko ta tsinke, birkin feda ya tafi tare da ita nan take. Yawancin waɗannan kekuna suna da rami a saman fok ɗin gaba, inda ake ɗaura madigadi, kuma birkin hannu na gaba yana zama a nan. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kafin a miƙa wa yaro keke ya hau titi zuwa makaranta, a sa masa shi, a kuma koya masa matse shi a hankali tare da taka na baya.



[Kiɗan rufe shiri]